Inji Cikin Inji

Ƙarfe uku na dare a Tartu,
dusar ƙanƙara ta binne kekunan ƙofar ofis.
Ülle ta ture linzami gefe,
ta buɗe baƙin allo, inda ɗigo guda ke ƙifta ido
kamar bara mai jiran aike.

Ta ce a gutsuro masa ƙwaƙwalwa, giga huɗu,
a gina masa rumbu, giga arba'in.
Ta raɗa masa suna Kärbes, ƙuda ke nan da yarensu,
don ta san ba zai ga Juma'a ba.

Allo ya ƙi.
Harafi ɗaya ta haɗiye,
shayinta ya huce tana lalubensa.

Aivar mai gadi ya leƙo da tocila:
"Ina injin da kike ƙerawa?"
Ta nuna akwatin ƙarfe mai gurnani a lungu.
"Yana cikin cikin wancan."
Ya duba ƙasan tebur, ya tafi.

Ta sake dannawa.
Rubutu ya kwararo kamar tururuwa ta ji sukari,
ya tsaya cak, ya tambaye ta:
wace ce ke?

Ita da ta haife shi yanzun nan
ta rubuta sunanta,
ta jira a buɗe mata ƙofa.