Da Gangan

Ofishina yana ƙarƙashin ginin majalisar jiha,
inda bututun ɗumi ke tari duk lokacin sanyi.
Ba ni da kujera a zaure, ba na jefa ƙuri'a.
Ni mai jera kalmomi ne, kamar mai gyaran agogo,
ina duba wane haƙori ne bai kama ɗan'uwansa ba.

Takarda biyu ce a gabana yau.
Ta hagu daga gwamnatin tarayya ta zo,
ta dama tamu ce ta gida, ta yi rawaya kamar tsohon rasit.
Ta hagu ta ce: tallan da zai ruɗi mai hankali, yaudara ne.
Tamu ta ce: i, amma sai in da gangan aka yi.

Da gangan.
Kalma biyu kacal,
amma babbar mota takan wuce ta tsakaninsu da kaya niƙi-niƙi.

Odessa Tillery ta san faɗin wannan ƙofa.
Injin ɗumama gidanta ya mutu cikin Disamba,
ƙanƙara ta toshe taga, ruwan kofi ya daskare a kan tebur.
Wani ya zo da farar mota da farin murmushi
da takarda mai manyan baƙaƙe: BABU KUƊIN RUWA HAR SHEKARA.
Can ƙasa kuwa, rubutu kamar sawun tururuwa:
in kin makara kwana ɗaya, ruwan shekarar duk ya hau kanki.
Wata goma sha ɗaya ta biya ba fashi.
Na sha biyu ya same ta a gadon asibiti.

Alƙali ya cire tabarau, ya murza ido.
Ya ce, Na ga ramin, na ga kin faɗa,
amma doka ta ce sai na ga zuciyar wanda ya haƙa.
Wa ya taɓa kawo zuciya kotu a cikin ambulan?

Da la'asar Vance Hultgren ya sauko wurina,
wakilin 'yan kasuwa, da kofi biyu a hannu.
Ya ce ubansa ya sayar da takalma shekara arba'in
bai taɓa cutar ko yaro ba,
ya ce in na goge kalmomin nan, ƙara za ta cinye ƙananan kantuna
a kan kuskuren ɗab'i, a kan farashin da aka manta a taga.
Ba ƙarya yake ba, abin da ya dame ni ke nan.
Na sha kofinsa. Na ƙara layi ɗaya
domin mai kuskuren da ya gyara kafin wata ya cika.

Sai wani tsoron kuma, nawa na kaina:
in muka ɗaure kwalekwalenmu a jikin jirginsu,
ran da suka sassauta igiya, ina za mu?
Masu mulki can sukan sauya kamar iskar kogi.
Don haka na rubuta: tasu daɓe ce a gare mu, ba rufi ba.
Ƙasa da ita ba ma sauka.
Sama kuwa, tsani namu ne.

Ƙarfe tara na dare na ɗauki jan biro
na ja layi a kan da gangan.
Ko ƙara bai yi ba.
Ran Talata kwamiti zai zauna,
wataƙila su mayar da su, an sha yin haka.

Odessa ba za ta ga kuɗinta ba,
doka ba ta waiwaye.
Na faɗa mata a waya, ta ce ta sani.
Ta ce yanzu ta sayi gilashin ƙara girman rubutu,
komai sai ta bi shi har ƙasa.
Jiya jikanta ya aiko mata da katin gaisuwa,
ta karanta, ta yi dariya,
sannan ta juya bayansa, ta duba.