Gurbi na Bakwai

Fom ɗin ya kwana goma sha ɗaya a aljihun farar rigata.
Na cike suna, na cike gari, na manna hoto.
Gurbi na bakwai kaɗai ya tsaya yana kallona:
fannin da kake so ka ƙware.
Zufa ta ci gefensa, aidin ya ɗiga a kusurwa.

Baba ya ce tiyata.
Yana so, ran kasuwar Kafin Hausa, in ya zauna wajen ma'auna,
ya ce ɗansa ne ke buɗe ciki ya rufe.
Inna ta ce ko wanne, in dai ana kwana a gida.
Nafi'u ya bugo daga Kano:
zaɓi wanda ake nema a waje,
kada ka tsufa da tocila a baki.

Sai na sami Dakta Maigari a gindin darbejiya,
bayan ɗakin awo, yana ɓare gyaɗa.
Shekararsa ashirin da bakwai a nan.
Bai ko karɓi takardar ba.
Ya ce, kowane fanni gona ne, kuma ba gonar da ba ta da ƙaya.
Bar tambayar me kake so,
yaro ma yana son wuta.
Tambayi wace gajiya kake kwana da ita ba ka ji haushinta ba.
Ga littafi. Wata guda. Kullum layi ɗaya.

Na rubuta.
Litinin, ɗakin yara: uku sun koma gida, ɗaya ba ta koma ba, tuwo ya ƙi wucewa.
Laraba: ɗinki sha huɗu a ƙaurin mai babur,
hannu ya iya, zuciya tana wani gari.
Asabar: layin masu hawan jini har bakin famfo.
Na yi wa wani tsoho tsawa. Har yanzu ina jin kunya.

Daren da ruwa ya yanke hanyar Haɗeja
aka kawo Ɗanjummai a amalanke, hanji ya murɗe.
Dakta Maigari ya ɗauki wuƙa.
Malam Tsalha, nas ɗinmu mai sa barci,
wanda saura masa wata biyar ya ajiye aiki,
ya ja ni wajen kai, ya ce tsaya nan,
ya ɗora mini jakar numfashi a tafi.
Matsa.
Saki.
Matsa.
Inji ya mutu sau biyu, ban ɗaga ido ba.
Awa biyu ran wani yana hannuna
kamar ɗan tsako a daren sanyi.
Ban ji ƙafata ba, ban ji sauro ba.

Da asuba ya farka,
ya sa wa mai wuƙa albarka har jikokinsa,
ni kuwa ya ce in miƙo masa hularsa.
Na miƙa.
Na laluba ƙirjina ina neman haushi,
ban samu ba.

Baba ya yi shiru a waya, can ya ce:
shekara shida, da kuɗin bijimi biyu,
ka koyo sa mutane barci?
Ai furar Tabawa ma tana yi.
Na ce, Baba, ba barcin ne aikin ba, tashin ne.
Ya ce to,
irin to ɗin da yake wa dillali kafin ya sallama.

Na ari biron Malam Tsalha.
Ya ƙi rubutu sai da na goga shi a tafin takalmi.
Ya leƙo ya karanta a hankali, leɓe na motsi.
Shekara nawa ake yi?
Na ce biyar, wataƙila shida.
Ya ƙirga a yatsu, yatsun ba su faranta masa ba.
Ya ce, to, jakar dai tana nan a ƙusa.
Tana ɗan yoyo ta hagu.
Sai ka danne da babban yatsa.