Mai Naɗe Laima

A Dakota ta Arewa, inda alkama ke tafiya har gindin sama,
ina da tebur mai tsawon taku arba'in.
A kansa nake shimfiɗa laimar matuƙa,
in bi igiya ɗaya bayan ɗaya da yatsa
kamar mai tsefe kan 'yarta.

Torvald Haugen kan shigo da tasa a kafaɗa,
gunaguni tun daga bakin ƙofa:
"Marlys, laba goma sha biyar!
Jirgin da na yi wa rowar fenti don kada ya yi nauyi,
shi zan ɗora wa wannan ƙunshi?"

Shekara goma sha ɗaya ya yi a gareji,
motar matarsa na kwana waje cikin dusar ƙanƙara.
Ƙusa dubu goma sha huɗu,
ya ce kowacce ya san ranar da ya buga ta.
Ranar Lahadi, in an taso coci,
sai ka ga ɗigon ja a saman rumbunan hatsi
yana alkafura, yana mirgina, ciki sama, baya ƙasa,
shanu ma sun daina ɗaga kai.

Na ce, "Ban yi musun ƙusarka ba.
Amma ƙarfe ba ya sallama in zai gaji."
Ya ce, "Ko na goya ta, ba zan iya fita in bar shi ba."
A nan na ajiye igiya.
Na zaunar da shi a kujerar katako,
tsoho mai shekara sittin da takwas,
na ce maimaita: murfi, ɗamara, tsalle.
Sannan dubi zoben, kama da hannu biyu, fizga.
Sake.
Ya sake, yana harara.
Ba a fafe gora ranar tafiya, Torvald. Sake.

Wata shida-shida yana kawo ta.
In buɗe, in shanya, in duba,
ba komai ciki sai ƙanshin mai
da ƙaiƙayin alkama guda da ban san ta inda ya shiga ba.
Aikina ke nan: gyara abin da ake fata
ya tsufa ba a taɓa shi ba.

Sai wata Talata a ƙarshen kaka
ya turo ƙofa da sanda, ƙafa a ɗaure,
laimar a buhun abincin kaji,
duk laka, duk ganyen waken suya.
Ya zauna a kujerar nan. Bai yi gunaguni ba.

Da ƙyar ya ce, "Sandar tuƙi ce ta ƙage.
Yana saman alkafura, hanci ya dubi ƙasa,
na ja, na ja, kamar mai jan bishiya.
Na ce masa haba, haba, ni ne fa.
Sai na ji muryarki, mai ban haushin nan:
sake."

Ya buɗe tafin hannu.
Sukudireba ce ƙarama, mai jan mariƙi, ta lanƙwashe.
A cikin tarkacen aka tsinto ta.
Tun bazara yake nemanta a gareji.

Ban ce na gaya maka ba.
Na tara ruwa mai ɗumi a baho,
na soma warware igiya.
Shi kuma ya juya ga taga,
inda sama take fayau, ba ɗigon ja,
kafaɗunsa na rawa, na yi kamar ban gani ba.

Da zai fita ya tsaya:
"In kin gama, auna min faɗinta da kaurinta.
Na aika a kawo min sabon zane.
Wannan karon daga kujera zan fara."