Gyaran Gada

An rufe hannu ɗaya na doguwar gadar Ikko,
mu kuwa muna kanta tun la'asar sakaliya,
ni da Sallau, a tsohuwar Fijonsa mai tari.
Can ƙasa masuntan Makoko na tura kwalekwale,
suna wuce mu, ba inji, ba hon.

Sallau ya daki sitiyari ya ce,
"Da ni ne, sai in rufe ta ɗungurungum,
kowa ya sha wuya wata uku, a gama.
Haƙorin da ya ruɓe ba a lallashinsa."

Na yi shiru. Ya san dalili.

Ni aka tura Rasha karatun injiniya.
Can na kwanta a wata ƙasa, na farka a wata,
ban ko sauko daga kan gadona ba.
Da tsakar sanyi aka saki farashi
kamar an tsinke wa raƙumi akala.
Burodin da na saya jiya da sulalla
yau sai na lashi yatsa na ƙirga takardu.
Malama Zinaida, da ta koya mini lissafin ƙarfe,
shekara talatin tana yi wa tsufanta tanadi,
aka wayi gari tanadin bai kai kuɗin takalmi ba.
Na gan ta tsaye a bakin tashar jirgi,
cokula shida da agogon mijinta a kan kwali.
Ta gan ni, ta kau da kai.
Ni ma na kau.
Masana'antar da ta ci ƙuruciyar mijin
wani yaro mai jakar fata ya saye ta a arhar banza.

"To Folan fa?" in ji Sallau,
shi da ke sauke injinan can a Apapa.
"Sun haɗiye maɗacin a kurɓi ɗaya,
ga shi yau su ke sayar mana da tsoffin tireloli."

Na ce, "Sin fa? Da manomi aka fara:
biya rabon hukuma, rarar kai ta kasuwa.
Ba su rushe ɗaki ba sai da suka kafa rumfa."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
"Bulalar fa, ta bar hannun da take?
Sannu sannun nan na san ta, Ilu.
Farashi biyu a gari ɗaya:
mai uwa a gindin murhu ya saya da safe a na gwamnati,
ya sayar mana da yamma a na kasuwa.
Wanda ke cin gyara ba ya son gyara ya ƙare.
Dubi gadar nan."

Na duba. Lebura uku, ɗaya na barci.
Ban sami abin cewa ba.

Wani yaro ya ratso tsakanin motoci da ruwan leda.
Na miƙa abin da na saba, ya ce, "Baba, ya tashi."
Yaushe? "Ɗazu."

Sai Fijo ta fara hayaƙi.
Sallau ya fita da jarka zai sheƙa mata ruwan sanyi,
na riƙe hannunsa: inji da zafi, sai ya tsage.
"In mun jira fa?" Ya nuna baya.
Danfo ɗari na zaginmu da Yarabanci,
ga motar asibiti tana kuka, ba hanya.

Muka tsaya, jarka a tsakaninmu,
har aka kira magariba daga wajen Oworo.
Ya ɗan zuba. Na ce ya isa. Ya ƙara kaɗan.

Ban taɓa gaya masa ba:
washegarin ranar na aiki wani ɗan Habasha
ya sayo mini cokali ɗaya, kada ta san ni ne.
Ta ƙi karɓar abin da ya ɗora a kai.
Da shi nake motsa shayi a Agege,
kowace safiya, a hankali,
ko da na makara.