Kafin Kokon Ya Huce

Najatu, tashi, ladanin lungu ya yi kiran farko.
Zan fita da kokon nan kafin ya huce,
masu jiran tarotaro a titin Nima ba su san haƙuri ba.
Ga sidi biyar ƙarƙashin faranti,
ga kuma maganata, ita ta fi kuɗin nauyi.

Na rufe tukunyar gas, na duba, na sake dubawa.
In kika ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai,
kar ki ƙyasta ashana don ki ga mene ne,
kar yatsanki ya je kan makunnin fitila.
Buɗe taga, ja hannun Munkaila, ku fita,
ki buga ƙofar Anti Adjoa, ba ta kai asuba a gado.

Kalanzir kuwa, kin san tabon da ya bar mini.
Ni na zuba shi a kwalbar lemo bara,
na ce yanzu zan dawo,
ƙaninki ya ga kwalba, ya zaci daɗi.
Kwana uku a asibitin Mamobi ina ƙirga numfashinsa.
Laifin ba nasa ba ne, ba kuma naki ba.
Yanzu kwalbar na can saman kabad da jan zare a wuya,
ita da maganin ɓera da ƙwayoyin kakarku.
Ku bar su can, su yi ta hirarsu.

Sama ta haɗa fuska tun daren jiya.
In ruwa ya sauko, babbar kwata ba ta da ƙawa.
Ko takalminki ta ɗauka, bar mata,
takalmi na nan jibge a kasuwa,
ke kuwa ban ga inda ake sayar da irinki ba.

A bakin titi ki tsaya cak.
Mota na da ido, babur ba shi da su,
ta bayan kunne yake ɓullowa.
Wanda ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce ni na aiko shi,
tambaye shi sunan akuyarmu da ta mutu.
In ya yi shiru, koma wajen Malama Sahadatu da gudu.
Babba ko yaro, malami ko ɗan'uwa,
duk wanda ya taɓa ki inda riga ta rufe,
ya ce sirri ne tsakaninku,
wannan sirrin nawa ne, kawo mini shi da zafinsa.
Ba zan doke ki ba. Kin ji? Ba zan doke ki ba.

Saura waya.
Nan kam harshena yana nauyi,
don ran Talata ni ce na kusa faɗawa rami.
Murya mai zaƙi ta ce kuɗi sun shigo mini bisa kuskure,
in karanto lambobin sirrina a gyara.
Na faɗi biyu, kika fizge wayar kika kashe.
An ce abin da babba ya hango,
yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.
Ke ko kujera ba ki hau ba.

To, ki riƙe wa kanki abin da kika riƙe mini.
Mai hoton yarinya a waya
yana iya zama ƙato mai furfura a gemu.
Kar ki ba shi hotonki, ko sunan makarantarku,
ko lungun da muke kwana.
Hoto in ya fita, kamar koko ne ya zube a ƙasa,
ludayi ba ya kwaso shi.

Kai, gari ya fara haske.
Taya ni ɗora bokitin nan a ka.
Ki sa sakata in na fita,
zan tsaya a waje sai na ji ƙararta.