Tsatsa a Kwalin Ashana

A kwali ta zo, sabuwa fil,
masana'antar ƙarfe da ba ta fi tafin hannuna biyu ba.
Roba ce sumul, ko ƙura ba ta sani ba.
Na girke ta gefen ƙaramin layin dogo, na ja da baya, na duba.
Ƙarya take yi.
Shekara talatin da ɗaya na yi a bakin tanderu a Ostrava,
ban taɓa ganin bango mai wankakkiyar fuska haka ba.

Na sauka ɗakin ƙasa da tabarau biyu, ɗaya bisa ɗaya.
Jan bulo na fara shafawa, na bar shi ya kwana,
na bi shi da farin fenti tsararo,
na goge da tsumman tsohuwar rigar aikina.
Farin ya maƙale a tsagi, siminti ya fito layi-layi.

Ruwa ba ya tsami banza, bango ma ba ya tabo banza.
Ruwan sama ƙasa yake bi, to burushi ma ƙasa zai bi:
daga leɓen taga, daga bakin indararo, daga kan kowace ƙusa.
Kunkunniya kuwa baiwar iska ce.
Gefe guda na baƙanta bututun hayaƙi,
gefen da ke kallon unguwarmu,
inda Svatava kan shanya zannuwan gado farare tas da safe,
ta kwashe su da yamma ruwan toka, tana harar sama.

Taga ta uku daga hagu na huda da allura.
Metod ne ya fasa ta ranar da aka haifa masa tagwaye,
ya cilla hular kwano sama, murna ta wuce gona da iri.
Ba a taɓa gyara ta ba.
Ni ma ba zan gyara ba.

Tsatsa ce ta gagare ni.
Kwalba huɗu na saya: wannan ta yi lemo, waccan ta yi miya.
Ran Lahadi na sa kwat, na tafi ƙofar da aka garƙame,
na kankari maratayinta da wuƙar aljihu,
jan gari na zuba a kwalin ashana.
Mai gadin, yaro ne, ya ce, "Kaka, me kake sata?"
Na ce, "Ragowar albashina."

Ashe gaskiya ma sai an rage mata girma.
A wannan 'yar duniya, ƙwaya guda ta kai dunƙulen hannun ƙato.
Na daka ta da gindin cokali,
na tankaɗe da safar Svatava,
wadda hunturu shida ke nan ba wanda ya taɓa.
Na yayyafa bisa rufin kwano, kaɗan-kaɗan, ina riƙe numfashi.
Da na sunkuya, sai na ji ƙanshin aikin dare.

Dorka, jikata, ta leƙo da kofin shayi.
"Ka sayi abu da kuɗinka, kana ɓata shi?"
Na ce, "Shekaru nake ba shi. Ina da rara."
Ba ta yi dariya ba. Ta ja kujera.
Ta ɗaura zare tsakanin tsinken ashana biyu bayan katanga,
ta yanka takarda ƙanana, kamar farcen jariri, ta rataya guda biyar.

Na murɗa wuta, jirgi ya taso da taragun kwal,
ya ratsa ƙarƙashin bututun, zaren ya ɗan girgiza.
Na tsoma burushi a ruwan toka, na miƙa hannu wajen shanyar,
hannun na rawa, kamar yadda ya koya kwanan nan.
Ta riƙe mini wuyan hannu.
"Bar su, Kaka," in ji ta.
"Safiya ce tukuna."