Sikelin Panteka

Da muka kwashe ɗakin Gwaggo Tasalla
a Tudun Nupawa, bayan sadakar arba'in,
ni aka bar wa buhun ƙarafa.
Aka ce, "Kai Panteka, ko na cefane a samu."

Yaron da ke kan sikeli bai kai ashirin ba.
Ya zazzage buhun, ya baza da ƙafa.
Dutsen guga ya fara faɗowa,
mai zakara a ka, baki buɗe,
har yau da toka a haƙoransa.
Shi ya goge kakin Baba na masaƙar Kakuri
shekara goma sha tara.
Gwaggo ta guntsi ruwa ta fesa,
ta lilo da shi gawayi ya yi ja,
karin wando ya fito kamar bakin aska.

Sai rediyo mai rigar fata.
Batirinta mun sha shanya shi a kan kwano,
mu cije, mu mayar,
ta ƙara mana labarun yamma guda.
In ta yi gardama, mari ɗaya ya ishe ta.
In ta wuce mari, sai Kasuwar Barci, gun Ilu,
ya buɗe cikinta, ya shinshina,
ya ce, "Ba mutuwa ta yi ba, fushi take."

Ta aljihuna fa?
Bara na saye ta, bana ta tsufa.
Ta san hanyar Ikko, ta san farashin dala,
ta faɗi sau ɗaya, fuska ta tsage,
mai gyara ko kai bai ɗago ba:
"Alhaji, sabuwa ta fi araha."

Fitila ta fito ba ƙwai,
risho ba lagwani.
"Kilo bakwai da rabi," in ji yaron,
"kawo lambar asusu."
Ya danna, ya danna, ya ɗaga ta sama.
Babu sabis.
Muka tsaya muna kallon juna,
zakaran ƙarfe yana kallona.

Na ce, "Cire wannan."
Ya ce, "Kuɗinka za su ragu fa."
Na ce su ragu.

Da dare aka ɗauke wuta, kwana na uku ke nan.
Kayan makarantar Hanne duk sun yamutse.
Na aika a sayo gawayi.
Ta juya shi, ta leƙa ƙasansa, ta leƙa baya,
ta ce, "Baba, ta ina ake jona shi?"